Ruwan da Kawu Ya Sha

"Ɗaga shi sama da kyau," in ji Kawu. "Kai shi bakin taga. Wannan fitilar taku maƙaryaciya ce."

"Na kai, Kawu. Biyar ne."

"Biyar ɗin gidanku."

"Gidanmu ai gidanka ne."

Kawu bai yi dariya ba. Yana tsaye a ƙofar banɗakin ma'aikata, hular kwano a hammata, yana hararar ɗan kofin robar da ke hannun ɗan ƙanwarsa. A ɗaya hannun saurayin kuma kati ne mai gida takwas na launin fitsari. Gida na ɗaya fari kamar ruwan famfo, na takwas kamar shayin da aka manta a kan wuta. Daga ɗaya zuwa uku, mutum ya wuce ya kama aiki. Daga huɗu zuwa sama, a rubuta shi a rajista.

Dokar ba ta cika shekara ba. Bara da zafi wani ma'aikaci ya yanke jiki ya faɗi a gaban tanderun narka ƙarfe, bai sake tashi ba. Bayan sati biyu hedikwata ta aiko da katin, da kwalin kofuna, da takarda mai hatimi: wanda duk aka rubuta sau uku a wata ɗaya, a ɗauke shi daga bakin wuta a mai da shi sharar fili. Aka nemi wanda ya gama sakandare ya riƙe biro. Saurayin nan aka samu. Tun daga ranar sunansa ya ɓace a kamfanin, ya koma Mai Kati. Masu neman magana kuma su ce Dokta.

Kawu ne ya samo masa aikin. Kawu ne ma ya riƙe shi tun yana aji biyu. Shekara ashirin da biyu ke nan mutumin yana bakin tanderu na biyu, kuma a watan nan an riga an rubuta shi sau biyu.

"Rubuta uku," in ji Kawu, ya rage murya. "Biro ne a hannunka, ba wuƙa ba."

"Kofunan a kan kantar nan suke zama har Manaja ya zagayo. Ka sani."

"To zubar da nawa. Ka ce ya faɗi."

Mai Kati ya sake duban kofin. Launin bai yi daidai da kowane gida a katin ba. Ba duhu ya yi ba, wani irin rawaya ne mai ƙyalli, kamar an matse biron da ake shafa wa layi a littafi. Amma biyar ne ya fi kusa. Kuma shi yana wurin bara. Shi ya riƙe ƙafafun mutumin da aka fitar, har yau yana jin nauyin takalman a tafinsa.

"Ba zan rubuta komai yanzu ba," ya ce. "Ka je ka sha ruwa. Ka dawo ƙarfe goma sha ɗaya in sake gwadawa. In ya sauka, shi zan rubuta."

"Gora biyu na sha kafin in fito gida."

"Ka ƙara."

"Nawa?"

"Har sai ya yi fari."

Kawu ya kife hular a kansa. "Na sa ka makaranta don ka riƙa leƙa fitsarina," ya ce, ya wuce.

Zauren narka ƙarfen dogo ne, rufin kwano, fankoki huɗu, biyu matattu. Tanderu uku a jere. Kafin ƙarfe tara riga ta gama mannewa a bayan kowa, gishirin gumi ya zana farin layi a kafaɗa. Aikin Mai Kati bayan gwaji shi ne ya zagaya da baro yana cika firij da gorunan ruwa, manya, masu lita ɗaya da rabi. Duk zagayen da ya yi sai ya tarar da gorar Kawu ba komai, a ajiye kusa da shebur.

Guduma, mataimakin Kawu, ƙato mai baki kamar rediyo, shi ya ɗora wa kansa lissafin ruwan da Kawu ke sha. Yana jera marafen gorunan a kan bulo.

"Uku!" ya daka tsawa. "Baba, a rage wa kifaye mana!"

"Kama shebur ɗinka."

"Dokta, zo ka ga mara lafiyarka. Tanki ya koma. In wuta ta tashi ba sai mun kira motar kashe gobara ba, Baba kawai za mu matsa."

Aka yi dariya. Har Mai Kati ya murmusa.

Ƙarfe goma sha ɗaya Kawu ya dawo da kofi. Cikinsa ya tura rigar gaba. Mai Kati ya kai kofin bakin taga ba tare da an ce masa ba. Ya juya shi, ya juya katin.

"Huɗu."

Kawu ya jingina da bango. "Gora huɗu na sha a nan. Ga biyun gida."

"Ya sauka ai. Saura kaɗan. Manaja yana taro, sai ƙarfe biyu zai zo. Kana da lokaci."

"Kai, yaron nan, cikina ba rijiya ba ne."

"Sharar fili kake so?"

Maganar ta fita da kaifi fiye da yadda ya yi niyya. Kawu ya dube shi, ya daɗe yana duba. Sannan ya zare gora daga baron, ya ɓalle marfin da haƙori.

Lokacin hutun rana Kawu ya buɗe kwanon abincinsa ya rufe. Shekara biyu ke nan matarsa, wadda Mai Kati ke kira Inna, ba ta sa masa gishiri ko kaɗan, tun da aka ce yana da hawan jini. Kullum sai ya yi ƙorafi, kullum sai ya cinye. Yau ko loma bai kai baki ba. Ya kwance ƙullin leda, ya watsa ƙwayoyi a baki, ya kora da rabin gora.

"Bakwai," in ji Guduma, amma wannan karon bai ɗaga murya ba.

Ƙarfe ɗaya da kwata aka aiko a kira Mai Kati. Ya tarar da Kawu zaune a kan bulo, kansa tsakanin gwiwoyi. Ya yi amai, ruwa zalla. Yana ƙoƙarin kwance agogonsa, madaurin ya nutse a cikin fata, yatsun sun kumbura sun ƙi kama ƙarfen.

"Kaina," in ji Kawu. "Kamar ana dukan tama a ciki."

Mai Kati ya juya katin. A bayansa akwai rubutu, ya haddace shi tun bara. Alamomin bugun zafi: ciwon kai, jiri, amai, ruɗewa. Abin yi: kai shi inuwa, ba shi ruwa.

Suka ja shi bakin ƙofa inda iska ke shigowa. Mai Kati ya durƙusa, ya tallafo ƙeyarsa, ya kai gora bakinsa.

"Sha, Kawu."

Kawu ya kau da kai. "Ya isa."

"Ka amayar da na cikinka. Sha."

"Na ce ya isa."

"Don Allah ka sha. Haka wancan ya fara bara."

Ya sha. Mai Kati na jin motsin maƙogwaronsa a ƙarƙashin yatsunsa, ƙwat, ƙwat. Ya ɗaga gorar sama don ta fi gudu. Da ta kusa ƙarewa Kawu ya buɗe ido ya dube shi kamar baƙo.

"Kai wane ne? An zuba lodin safe?"

"Kawu, ni ne."

"Ka gaya wa ƙanwata ta ɗauke yaron daga bakin wuta."

Ƙanwar tasa, mahaifiyar Mai Kati, ta yi shekara goma sha biyar da rasuwa. Nan take jikin Kawu ya sandare, idanun suka juye, ƙafafun suka fara dukan siminti. Guduma ne ya sunkuce shi kamar buhu ya yi wajen motar kamfani da gudu.

A asibiti aka ɗebi jini, aka tura gadon ciki, aka bar su a baranda kan benci. Bayan kamar minti arba'in likita ta fito, mace ce siririya mai tabarau, da takarda a hannu.

"Wa ya kawo shi?"

"Ni ne. Kawuna ne. Zafi ne ya buge shi, a bakin tanderu yake aiki. Mun yi ta ba shi ruwa amma..."

"Nawa?"

Mai Kati ya dubi Guduma. Guduma ya sa hannu a aljihu ya fito da marafe. Ashe ya kwaso su. Ya ƙirga a tafinsa.

"Takwas da ta ƙarshe. Manya."

"Daga yaushe?"

"Bakwai na safe."

Likitar ta cire tabarau ta murza ido. "Lita goma sha biyu," ta ce. "Ba zafi ba ne. Ruwan ne."

"Ruwa kuma?"

"Gishirin jininsa ya faɗi. Ya kamata ya kai ɗari da talatin da biyar ko sama. Nasa ɗari da goma sha bakwai. Yana zubar da gishiri a gumi, kuna mayar masa da ruwa zalla. In abin ya yi yawa ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Abin da kuka gani ke nan."

"Amma fitsarinsa rawaya ne. Na gwada sau biyu. Ga katin." Ya zaro shi daga aljihun gaba, ya miƙa mata.

Ba ta karɓa ba, don a daidai lokacin Inna ta iso, mayafi a karkace, jaka a hannu ɗaya, fulas a ɗayan. Likitar ta tambaye ta magungunan da yake sha. Inna ta zazzage jakar a kan bencin. Likitar ta ɗaga wani fakiti.

"Wannan na hawan jini ne. Irinsa yana fitar da gishiri ta fitsari. Yana cin gishiri a abinci?"

"Ko ƙwaya," in ji Inna da alfahari. "Ni ke dafawa."

Likitar ta ɗaga wata kwalba mai jan marfi. "Wannan fa, wa ya rubuta masa?"

"Ni na sayo a kyamis, wata ɗaya ke nan. Na ƙarin kuzari ne. Yana ta cewa yana jin kasala. Biyu da safe, biyu da rana."

"Bitamin ne. Ba shi da laifi." Ta juyo ga Mai Kati. "Sai dai yana rina fitsari. Mai shan wannan, launin ba ya gaya maka komai. Kana iya ɗura masa tanki, rawaya za ka gani."

Mai Kati ya mayar da katin aljihu. Ya zauna. Wata ɗaya. Rubutu biyun da ya yi wa Kawu duk a cikin watan nan ne.

Aka kwantar da Kawu a gado na ƙarshe kusa da taga. Wata 'yar ƙaramar leda ta ruwan gishiri mai ƙarfi tana ɗiga a jijiyarsa, a hankali, har mutum ya gaji da kallo. Likitar ta ce ba a gaggawar mayar da gishiri, in aka yi sauri shi ma wata ɓarnar ce. A kan gadon nas ta manna takarda: KADA A BA SHI RUWA SAI DA IZINI.

Kashegari da hantsi Kawu ya farka. Leɓensa ya tsattsage. Ya motsa baki, ba a ji me ya ce ba. Mai Kati ya fita kiran nas, ya dawo ya tarar da Inna ta juya wa ƙofa baya, murfin fulas cike a hannunta, tana tallafo kan mijinta. Ya fizge murfin. Ruwan ya watsu a zanin gado.

"Inna! Ba ki ga takardar ba?"

"Takarda ce za ta jiƙa masa maƙoshi? Dubi bakinsa!"

"Likita ta ce..."

"Likita ta ce, kati ya ce, Manaja ya ce. Kai ba ka da abin cewa na kanka? Ina aka taɓa hana mara lafiya ruwa? Ko dabba ba a yi mata haka."

"Ruwan ne ya kwantar da shi."

"Wa ya ba shi?"

Mai Kati ya juya murfin fulas ɗin a hannunsa.

"Guduma ya gaya min komai," in ji Inna. "Yana cewa ya isa, kana ɗaga gora. Jiya kai ne mai ɗurawa, yau kai ne mai hanawa. Gobe kuma me za ka zama?"

Yana da amsa. Kwalbar mai jan marfi tana nan cikin jakarta, yana hango ta. Ya ɗauki fulas ɗin ya fita da shi, ya juye a magudanar baranda.

Rana ta uku ya koma kamfani da takardar likita a ninke cikin aljihu. Ofishin Manaja a sama yake, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai gilashi mai kallon zauren. Manaja ya tura masa fom, an riga an cike, saura sa hannu.

Mai Kati ya karanta a tsaye. Dalilin haɗari: bugun zafi sakamakon ƙarancin shan ruwa.

"Ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Yawan ruwa ne. Ga takardar asibiti."

Manaja ya karanta, ya ɗaga gira, ya ajiye ta a gefe. "Duba fom ɗin. Gida nawa ka gani a ƙarƙashin dalili?"

"Biyar."

"Karanta."

"Ƙuna. Faɗuwa. Wutar lantarki. Inji. Zafi."

"Ina gidan yawan ruwa?"

"Sai a rubuta a ƙasa."

"Kwamfutar hedikwata ba ta karanta ƙasa. Mutum ya faɗi a bakin tanderu, da rana tsaka, kofinsa yana kan kanta, na gan shi da idona, rawaya kamar fenti. Me kake so in ce musu? Ya nutse?"

"Bitamin ne ya rina shi. Rubutun da na yi masa na farko da na biyu ma kuskure ne. A goge su."

"Ba a goge rajista."

"Ni na rubuta, ni na ce kuskure ne."

"Kai ne ma ka bar gurbinsa a rajista babu komai ranar, da safe. Ban tambaye ka dalili ba. Kada ka sa in tambaya." Manaja ya jingina da kujera. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba Mai Kati haushi ke nan. Magana yake a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Kawunka ya haura hamsin da biyar, ga hawan jini, ga shi ya faɗi. Ko babu kati ba zan mai da shi bakin wuta ba. Fili akwai inuwa. Gata aka yi masa."

"Shekara ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

"Na sani. Guduma ya karɓi tanderu na biyu tun jiya. Kuma daga Litinin kowa gora ɗaya duk awa, dole, kai za ka riƙa yi musu maki. Umarni ne daga sama, saboda abin da ya faru."

"Saboda abin da ya faru," in ji Mai Kati.

"Sa hannu."

"Ba zan sa ba."

Manaja ya ja fom ɗin, ya sa nasa hannun a gurbinsa da na Mai Kati, ya buga hatimi. "Shi ke nan. Jeka, firij ya kusa ƙarewa."

Ya sauko. A ƙasa ya tsaya bayan baro yana kallon mutane goma sha takwas suna zuba ƙarfe a wuta. Ya yi tunanin ya hau kan bulo ya yi musu bayani. Ya gwada kalmomin a ransa, ya ji yadda za su fito: Dokta ya ce ruwa na kisa. Har ya ji dariyar. Ya kama hannun baron ya tura.

Rana ta huɗu da la'asar Kawu na zaune a gado, an jingina masa filo biyu. Gishirin ya hau ɗari da talatin da ɗaya. An yarda ya sha ruwa da awo, nas ta ja layi da biro a jikin kofi. Inna na zaune a gefe tana ɓare lemo, tun shekaranjiya ba ta yi wa Mai Kati magana ba. Guduma ya zo dubiya, ya tsaya a ƙarshen gado, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Akwai sabuwar ƙuna a wuyan hannunsa na dama.

Kawu bai tuna komai daga hutun rana ba. An gaya masa ya faɗi, ya ce to. An gaya masa ruwa ne, ya yi dariya har ya yi tari.

"Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina wasa da wuta," ya ce. Ya hango ƙunar. "Kai, ƙofar na biyu ce ta cije ka?"

Guduma ya ɓoye hannun. "Kaɗan ne, Baba."

"Na sha gaya maka, ba a buɗe ta kai tsaye. Ka ɗaga ta kaɗan, ka ƙirga uku, ta yi numfashi, sannan ka ja. Tana da hali. In ka ji tana gurnani ta hagu, lodin ya yi sanyi, kada ka yarda da agogon awon zafin nan nasu. Ni kaɗai take ji wa magana." Ya kurɓi ruwan, ya duba layin, ya ajiye kofin da kulawa. "Likita ta ce jibi za a sallame ni. In huta kwana biyu. Ka riƙe min ita zuwa Litinin, kada ka lalata min ƙofa."

Guduma ya dubi Mai Kati. Mai Kati ya dubi ledar da ke rataye. Wuƙar Inna ta tsaya a jikin lemon.

Kawu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Murmushin ya ɗan rage.

"Litinin ɗin ce dai, ko?"